Jakar Saka-Duk

A Ɗanzomo har gobe, in mutum ya kinkimi abin da ya fi ƙarfinsa, sai ka ji an ce masa, "Sannu, Ubale." Yaran yanzu faɗa kawai suke yi, ba su san mafari ba. Ni kuwa na sani, don da ni aka yi tafiyar, ina kuma cikin waɗanda suka kwana uku suna gyatsar kananzir.

Ubale ɗan garinmu ne, masinja a wani ofis a Gumel. Aikinsa bai wuce ɗauko fayil daga wannan tebur ya kai wancan ba, amma in ya zo gida ran Asabar ya jingine kekensa a dandali, sai ka rantse ba a buɗe ofis a Gumel sai ya yi tari. Babu abin da bai sani ba. In ka ce ka ga kura, shi ya taɓa jan kunnenta. In ka ce kanka na ciwo, nasa ya fi, kuma shi ya warkar da kansa.

Abu ɗaya ne yake so da gaske, wato ƙahon farautar garinmu. Ubansa, Allah ya jiƙansa, shekara ashirin yana busa shi. Da ya rasu sai ƙahon ya koma hannun Sarkin Dawa Ɗantsoho, shi kuma tsufa ya cinye masa numfashi, in ya busa sai ka ce tunkiya na mura. Ƙahon nan ba abin wasa ba ne. Duk bazara mafarautan garuruwa huɗu, mu da na Gagarawa da na Maigatari da na Sule Tankarkar, mukan haɗu a gindin wata tsohuwar kuka a tsakiyar daji. Dattijon da ya fi kowa shekaru ya cire hularsa ya wurga sama, garin da ƙahonsa ya riga yin kuka shi ke ɗaukar gefen fadama, inda zabi da gada ke taruwa saboda ruwa. Sauran su raba tudu da ƙaya.

Masu neman ƙahon biyu ne, Ubale da taubashinsa Ilu, wani siririn manomi da ba ya magana sai in zai tsokani Ubale. Ɗantsoho ya yanke hukunci a gaban kowa, ya ce bana Ubale zai riƙe saboda darajar ubansa. In ya samo mana fadama, ƙaho ya zama nasa har mutuwa. In bai samo ba, na Ilu ne.

A shekarar ne aka yi wa ma'aikata rabon kuɗin ƙarin albashi na Udoji, kan Ubale ya ƙara girma har hula ta daina shigarsa. Ya sayi rediyo, ya sayi risho, sannan ya dubi burgamin ubansa, tsohuwar jakar fatar akuya da ta sha rana ta yi baƙi, ya ce ma'aikacin gwamnati ba ya rataya abu mai warin bunsuru. Ya wurga wa Ilu a dandali, ya ce ya riƙe, dama kamarsu ɗaya. Ilu ya kakkaɓe ya rataya, ya ce ya gode, dama abin kirki ba ya daɗewa a hannun Ubale.

Ran Alhamis na raka shi kasuwar Maigatari neman jakar zamani. A layin 'yan gwanjo muka samu wani Badamagare, Haladu, ya rataye jakunkuna irin na Turawan da ke keta hamada. Mutumin kirki ne, ya san sana'arsa. Ya tambayi tafiyar kwana nawa ce, aka ce wuni ɗaya. Sai ya sauko da wata 'yar madaidaiciya, ya nuna mana faɗin maratayanta don kada su yanki kafaɗa, da ɗamarar da ake ɗaurewa a ƙugu don nauyi ya sauka a can, da aljihun gefe na goran ruwa. Ya ce ta isa farauta, ta isa cin kasuwa, ta isa zuwa gona, kuma abin da za a buƙata da gaggawa a waje ake rataya shi.

Ubale ko kallonta bai yi ba. Idonsa na kan wata ƙatuwa koriya mai ƙarafa a baya, wadda in aka takura za ta ɗauki maraƙi. Ya tambayi sunanta.

"Maigida, duka sunansu guda," in ji Haladu. "Sakado."

"Saka me?"

"Sakado."

Ubale ya juyo gare ni fuska cike da haske. "Ka ji ko? Saka-duk. Turawa ma da Hausa suka raɗa mata suna."

Haladu ya buɗe baki zai yi bayani, Ubale ya ɗaga masa hannu, ya ce shi da Turawa yake aiki, ba ya neman tafinta. Ƙara ma ya yi da sayen kwado, don bakin jakar zobban ƙarfe ne da shi, kuma a cewarsa 'yan Gagarawa ba abin yarda ba ne. Muna tafiya Haladu na kwala mana kira cewa a ɗaura ɗamarar ƙugu. Ubale ya ce wannan ta mata ce.

Kafin Juma'a duk Ɗanzomo ta ji. Ubale ya yi shela cewa bana babu mai ɗaukar ko allura, guzurin mutum talatin a bayansa zai tafi. Dama can jakin Kawu Sajo ke ɗaukar guzurin, wani dattijon Bafulatani da ke da ruga a bayan gari, shi ne kuma ke kawo nono da man shanu. Ubale ya ce a ba jakin hutu, zamaninsa ya wuce. Kawu Sajo ya ce to madalla, amma zai taho da shi hakanan, ko don ya ga wanda ya gaje shi.

Ran tafiya bayan sallar asuba muka taru a gidan Ubale, kowa da nasa. Ya zauna a tsakar gida kamar mai karɓar haraji. Ƙaho ya fara sakawa can ƙasa, ya ce abu mai daraja ba a barinsa a fili. A kansa ya jera dawon fura curi sittin, da ƙuli-ƙuli, da kilishi, da ƙullin dakakken barkono. Ƙwaryar man shanu ta bi, goran nono biyu suka bi, goran ruwa huɗu suka bi. Sai rediyo, sai risho don ya dafa shayi a daji yadda manya ke yi, sai kwalbar kananzir da aka toshe da totuwar masara.

Matarsa Safara'u tana tsaye da muciya a hannu. Ta ce, "Malam, kananzir da fura a ɗaki ɗaya?"

Ya ce da Turawa sun so a ware, da Saka-rabi suka sa mata. Daga nan ya zazzage aljihunsa kaf, goro da asuwaki da carbi da duk tarkacen da ke ciki, ya watsa a jaka, wai yana so ya yi tafiya sakayau. Ya hau kanta da gwiwa ya danne, ya haɗa zobban, ya datse kwado. Safara'u ta fara cewa wani abu, ya ce mata ba sa baki a harkar daji. Ta koma bakin murhu tana danne dariya.

Ya zura hannuwa a marataya ya yunƙura. Jaka ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, ta ja shi baya, ya faɗi rigingine ƙafafu na harbin iska kamar kunkurun da aka kifar. Mu huɗu muka ɗaga shi. Ya ce dama gwada ƙarfin ƙarafan yake yi, sun ci jarrabawa.

A ƙofar zaure kuma ya maƙale. Kansa da ƙafafunsa suna waje, jaka na ciki. Muka ja ta gaba, Safara'u ta sa taɓarya ta tura ta baya, har ya fice da guntun ginin ƙofar a kafaɗa. Maƙwabta sun cika layi, tsofaffi mata suna yi masa addu'a suna share hawayen dariya. Ya ɗaga musu hannu kamar mai tafiya hajji.

Ilu yana gefe da burgami, shafal, ba ka ma cewa da wani abu a ciki. Ya ce, "Taubashi, kai ke ɗauke da ita ko ita ke ɗauke da kai?"

"Ka bari mu je kuka," in ji Ubale, "za ka ga wanda za a ɗauka."

Hanyar kuka rairayi ce zalla. Kowane taku ƙafar Ubale na nutsewa har idon sawu, marataya na cin kafaɗarsa, ɗamarar matan nan tana lilo a banza. Jakin Kawu Sajo na biye da shi ba ko akumari, yana kaɗa kunne. Ban taɓa ganin jaki cikin annashuwa irin ta ranar ba.

Da hantsi ya ɗaga, zafin bazara ya sauka, man shanu ya narke. Ya bi ta ƙasan jaka ya gangaro wandon Ubale, ya sauko ƙwauri, ɗauke da ƙamshin kilishi. Karnukanmu goma sha ɗaya, waɗanda aka hana abinci tun jiya don su yi zafin nama, suka yi layi a bayansa suna lasar ƙafarsa. In ya harbi ɗaya, biyu su maye gurbi. Wani zomo ya tashi a gabanmu, ƙato, har ya tsaya ya waiwayo, babu karen da ya ɗaga kai. Ubale ya ce dabba ta san shugaba.

Ba mu gama jin haushin zomo ba sai wata murya ta fito daga gadon bayansa tana gaida mutanen Funtuwa da na Malumfashi. Wani abu ne ya danne maɓallin rediyo a ciki. Mutum uku suka watsar da gora suka ruga, suna tsammanin aljanin daji ne. Garken zabin da ke kiwo kusa da hanya ya tashi gaba ɗaya. Ɗantsoho ya ce a kashe abin nan. Ubale ya yi ta jijjiga jiki yana buga bayansa a jikin bishiya, rediyo ya sauya tasha ya koma kiɗan kalangu, muka ci gaba da tafiya kamar masu kai amarya.

Ƙishirwa ta fara, ruwa kuwa duk yana cikin jaka. Aka ce ya buɗe. Ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, sai na ga fuskarsa ta canza. Nan take ya murtuke, ya ce mafaraucin gaske ba ya shan ruwa sai ya ga kuka, haka ubansa ke yi. Ɗantsoho ya dube shi ya ce shi dai shekara ashirin yana tafiya da ubansa, bai taɓa jin wannan doka ba. Ilu ya fito da ɗan goransa ya ba tsofaffi suka jiƙa maƙoshi, ya miƙa wa Ubale ragowar. Ubale ya ƙi, alhali leɓensa ya bushe har ya tsage.

Mu muka zo ƙarshe. Gindin kuka ya cika da mafarauta fiye da ɗari, kowane gari da makaɗinsa da mai ƙahonsa a gaba. Suka ga mun ɓullo, mutum ɗaya a duƙe yana naso, karnuka na lasarsa, kalangu na tashi daga bayansa, jaki na take masa baya. Makaɗansu suka ajiye gangunan, don sun ga an fi su.

Ɗantsoho ya ce, "Ubale, fito da ƙaho."

Ubale ya sauke jaka, ya zagaya ta, ya ɗan ja kwado, ya yaba ingancinsa. Ɗantsoho ya maimaita.

"Baba Sarki, mabuɗin yana wuri mai tsaro."

"Ina?"

"Ciki."

Wurin ya fashe da dariya. Wani ɗan Gagarawa ya faɗi ƙasa yana dukan rairayi. Dattijon da zai wurga hula a shekarar, wani tsohon mafarauci daga Maigatari, ya ce shi ba zai wurga ba sai 'yan Ɗanzomo sun haƙo ƙahonsu, ba don tausayi ba, don dai yana so ya ga ƙarshen abin.

Aka buga kwado da dutse, ya ƙi. Kwadon kirki ne, a nan kam Ubale bai yi ƙarya ba. Ilu ya zaro wuƙa daga burgami ya miƙa masa ta ƙota, ya ce mai jaka shi ke yanka abarsa. Ubale ya karɓa, ya farke gindinta.

Abin da ya zubo ba shi da suna. Totuwar masara ta fice tun a zaure, gorunan nono da na ruwa sun fashe wurin bugun bishiya, fura da ƙuli-ƙuli da barkono da carbi sun zama dangi ɗaya, kananzir ya ɗaura musu aure. Rediyo ya gangaro yana kiɗa, karnuka suka shinshina, har su suka ja da baya. Ubale ya zura hannu har gwiwar hannu ya lalubo ƙaho, ya goge shi a riga, ya miƙe ya buga ƙirji. Ya ce duk wannan ba komai ba ne, busa ake magana, shi kuwa a cikin busa aka haife shi.

Ilu ya ce, "Taubashi, leƙa cikinsa tukuna."

"Kai za ka koya mini ƙahon ubana?"

Dattijo ya cire hula ya wurga. Ubale ya kafa baki ya ja numfashi mai ƙarfi, da ƙahon a bakinsa. Barkonon da ke ciki ya tafi kai tsaye inda aka kira shi. Idanunsa suka firfito, amma ya daure ya busa iya ƙarfinsa. Curin fura ya fita kamar harsashi ya sami Ɗantsoho a tsakiyar goshi ya manne. Sautin da ya biyo baya, ba zan faɗi kamarsa ba saboda akwai manya, amma jakin Kawu Sajo ya gane shi, ya amsa da kuka. Kafin nan ƙahon Gagarawa ya riga ya cika daji.

Kawu Sajo ya ce a bisa gaskiya jakinsa ya riga ƙahon Sule Tankarkar, a ba shi na uku.

Ubale na durƙushe yana tari, hawaye da majina sun haɗu, dattijon Maigatari ya zo ɗaukar hularsa. Ashe ya yi sojan Faransa a ƙuruciyarsa. Ya taɓa gawar jakar da sanda, ya tambayi wanda ya ce a yi mata wannan lodi. Aka ba shi labarin sunan. Ya yi dariya har sai da aka riƙe shi. Ya ce sak jaka ce a bakinsu, do kuma baya, jakar baya ke nan, babu saka babu duk. Ya ce su a soja, wanda ya cika ta haka horo ake ba shi.

Ubale ya ɗago, murya a shaƙe. "Asalinta Hausa ce. Faransawa ne suka ara suka ɓata."

Har yau ina girmama shi saboda wannan magana. Mutumin da barkono ke ci a huhu amma bai saki baki ba, ba ƙaramin mutum ba ne.

'Yan Gagarawa suka gangara fadama suna kirari. Mu muka hau tudu da yunwa da ƙishirwa, muka wuni muna cire ƙaya, muka samo kurege ɗaya da bushiya. Da yunwa ta kai mana karo muka tsinci ƙuli-ƙulin da ya fi dama-dama muka ci, inda gyatsar da na faɗa ta samo asali ke nan.

Da la'asar muka dawo gindin kuka. Ɗantsoho ya sa aka wanke ƙaho da ruwan da 'yan Gagarawa suka sammana, ya kira Ilu ya miƙa masa, ba wani dogon jawabi. Ilu ya juya burgami. Ashe a gefensa akwai wani ɗan madauki na fata, ya yi santsi saboda daɗewa, wanda ni ban taɓa lura da shi ba. Ya zura ƙahon, ya zauna daram kamar tare aka yi su.

Ɗantsoho ya dubi Ubale ya ce, "Ubanka ne ya ɗinka wannan da hannunsa. Goran ruwa, ƙuli-ƙuli, wuƙa, su ke ciki. Ƙaho a waje, inda hannu zai kai. Shekara ashirin bai rasa fadama ba sai sau biyu."

Ubale ya tsura wa madaukin ido. Muka jira ya ce shi ya ba uban shawarar ɗinkin, ko ya ce a Gumel an daina yayin madauki. Tun da na san shi ranar ce kaɗai na ga bakinsa a rufe, kuma wallahi sai da ya ba ni tausayi. Ilu ma bai tsokane shi ba, ya miƙa masa goran ruwa, wannan karon ya karɓa.

Ƙafafun Ubale sun kumbura, kafaɗa ta saluɓe, don haka a kan jakin Kawu Sajo ya koma gida, rungume da rediyo. Kawu Sajo ya ce ai ya faɗa, jakin zai so ya san magajinsa sosai.

Jakar kuwa Safara'u ta wanke ta da toka, ta shimfiɗa mata ƙaiƙayi, ta jingine a bayan rumbu, wata kaza ta shige ta inda aka farke ta mai da ita gida. Bayan mako biyu na je duba Ubale, na same shi ya fara farfaɗowa, yana gaya wa maƙwabta cewa da gangan ya bar wa Ilu ƙahon, aikin ofis ya yi masa yawa. Safara'u ta fito daga bayan rumbu da ƙwai a hannu, ta ɗaga masa.

"Malam, kazar nan ta fi ka jin Faransanci," in ji ta. "Ɗaya take sakawa a rana."